Amsoshin Tambayoyinku: Shuka a Gindin Katanga

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto cewa akwai ɗan siririn fili a gindin katangar bayan gidanta, tana son ta jera furanni da ganyayen ƙamshi a wurin. Sau biyu tana dasa na'a-na'a yana mutuwa. Maƙwabta kuma sun ce mata shuka a jikin katanga tana jawo macizai, tana kuma cin gini. Tana son ta san inda ta kuskure.

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa lau. Gindin katanga ya fi ko'ina wuyar sha'ani a gida, domin nan magina ke zubar da ragowar siminti da ɓaraguzan bulo, sannan su rufe da 'yar ƙasa a sama. Siminti yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, wanda ke hana saiwa zuƙar wasu abubuwan gina jiki. Shi ya sa za ki ga ganye ya koma rawaya alhali kullum kina ban ruwa.

Saboda haka aikin farko haƙa ne. Ki bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin katanga da inda shuka za ta fara. Idan ginin ƙasa ne ki ninka tazarar, domin a nan maƙwabtanki suna da gaskiya: danshi yana cin gindin katangar ƙasa. Ki haƙa zurfin santimita 30, ki kwashe duk ɓaraguzai, ki cika da ƙasar gona gauraye da taki. Amma fa takin da ya ruɓe, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, kuma ya kashe shukar mutane da yawa da suka zuba shi da kyakkyawar niyya. Faɗin komin kada ya wuce inda hannunki zai kai, don kada ki riƙa taka ƙasar tana daddaƙewa.

Sai batun rana, wanda nake zaton shi ya cinye miki na'a-na'a. Ki tsaya ki lura da katangar na yini guda. Wadda rana ke duka daga azahar zuwa la'asar tana ɗaukar zafi kamar tanda, tana kuma sake shi a kan shuka har bayan magariba, balle a watannin Maris da Afrilu. Na'a-na'a yana son hantsi da inuwar yamma da ƙasa mai danshi. Yana da wani hali kuma: in ya samu wuri, saiwarsa na bin ƙarƙashin ƙasa ta mamaye na kusa da shi. Ki dasa shi a tsohon bokiti da aka huda gindinsa, ki binne bokitin a cikin komin.

Wajen jerawa, dogo a baya, gajere a gaba. Lalle ya dace da layin baya: yana jure zafi, reshensa ake yanka a dasa, furensa na da ƙamshi, ga ganye na ƙunshi. Sai dai ki riƙa yi masa aski, in ba haka ba ya zama ƙaramar bishiya. A tsakiya ki sa ɗoɗɗoya da yakuwa. Ni ina ganin furen yakuwa bai gaza na fulawar da ake saya da tsada ba, ga miya, ga zoɓo. Ɗoɗɗoya kuwa ki riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure, sai ta yi rassa ta cika. A gaba ki sa gajerun furanni da albasa mai lawashi. Zogale ki ba shi wurinsa daban, nesa da gini.

Maciji kuma abinci da maɓoya yake nema, wato ɓera da kwaɗo da duhuwa. Komin da ake cire wa ciyawa, ba a jibge itace ko bulo kusa da shi ba, ba shi da abin da zai ba maciji.

Ki yi dashe da yamma, a farkon damina ko bayan ruwa ya ɗauke sanyi ya fara shigowa. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindin shuka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani, amma ruwan wanki mai sabulu ki kai shi wani wuri. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a saman ƙasar don ta riƙe danshi lokacin hunturu, kina dubawa saboda gara. In kuma kina kiwon kaji, ki kewaye komin da ragar waya tun kafin ki dasa komai, domin da safiya guda za su tone miki aikin mako biyu.