KASHI NA TARA: RAJISTAR BAƘI MAZAUNA ƘASA, TSAKANIN IKON HUKUMA DA HAƘƘIN SIRRI

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana cewa baƙo raɓa ne, wato ana sa ran da rana ta ɗaga zai kama gabansa. Sai dai akwai baƙon da ba ya tashi. Yakan zauna ya yi sana'a, ya yi aure, ya hayayyafa, har jikokinsa su tashi ba su san wani gida ba sai nan, alhali a takarda ba 'yan ƙasa ba ne. A ƙasar Hausa ta dauri, sanin irin wannan mutum yana hannun mai masaukinsa da mai unguwa ko sarkin zango, kuma sani ne na baka da ido. A yau kuwa, hukuma ce take rubuta sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa ta adana a kwamfuta. Wannan kashi zai yi nazarin matsalolin shari'a da na sirri da suke tattare da irin wannan rajista, tare da kafa hujja da abin da ya faru a Japan da Amurka da kuma Afirka ta Yamma.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar muhimman kalmomin da suka shafi batun;
(b) kawo hujjojin hukuma da na masu ƙorafi;
(c) fayyace sharuɗɗan da suke raba rajista mai adalci da mai cutarwa;
(d) danganta darasin da amanar da take hannun malamin makaranta.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar baƙo (mace: baƙuwa, jam'i: baƙi) tana da faɗi a Hausa, domin ta haɗa wanda ya zo ziyara da wanda ya zo daga wani gari da kuma wanda ya zo daga wata ƙasa. A wannan darasi, ana nufin mutumin da yake zaune a ƙasar da ba shi da matsayin ɗan ƙasa a cikinta. Rajista kalmar aro ce daga Ingilishi, ma'anarta shigar da suna da bayanan mutum cikin kundin hukuma. Sirri kuwa daga Larabci aka aro ta. Haƙƙin sirri shi ne ikon da mutum yake da shi na hana a tona ko a yaɗa abin da ya shafi jikinsa da gidansa da iyalinsa da saƙonninsa, sai da dalilin da doka ta yarda da shi.

3.2 Hujjar Hukuma da Iyakarta

Babu saɓani a kan cewa kowace ƙasa tana da ikon sanin waɗanda suke zaune cikinta. Da rajista ake tsara makarantu da asibitoci, da ita ake karɓar haraji, kuma takardar da ake bai wa baƙo takan zame masa kariya ranar da aka tare shi a hanya. Amma wannan iko yana da iyaka. Sashe na 12 na Jawabin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Ɗan'adam na 1948, da sashe na 17 na Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Jama'a da na Siyasa ta 1966, duk sun haramta yi wa sirrin mutum katsalandan ba bisa ƙa'ida ba. Abin lura shi ne, sassan biyu sun yi magana ne a kan kowane mutum, ba su keɓe ɗan ƙasa ba. Saboda haka gardamar ba ta tsaya a kan yin rajistar ba. Ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyi huɗu: Wa aka ware? Me aka karɓa daga gare shi? Wa yake riƙe da bayanan? Me za a yi da su gobe?

3.3 Misalin Japan: Rikicin Dangwala Yatsa

Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, kuma a tsawon wannan lokaci ana lissafin Koriyawa a matsayin talakawan Sarkin Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin Koriyawa 600,000 suka ci gaba da zama a Japan. A watan Afirilun 1952, ranar da yarjejeniyar zaman lafiya ta San Francisco ta fara aiki, aka zare musu matsayin 'yan ƙasa, kuma a ranar ce aka kafa Dokar Rajistar Baƙi. Mutanen da da yawansu a Japan aka haife su, kuma ba su jin wani harshe sai Japananci, suka wayi gari baƙi.

Daga 1955 dokar ta wajabta wa kowane baƙo da ya kai shekara 14 ya dangwala manunin hannunsa na hagu a ofishin ƙaramar hukuma, ya maimaita duk lokacin sabunta rajista, ya kuma riƙa yawo da katinsa ko'ina. A 1982 aka ɗaga shekarun zuwa 16. Wanda ya ƙi, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tara. Abin da ya fi sosa wa Koriyawa rai shi ne, a cikin 'yan ƙasa ba a tilasta wa kowa dangwala yatsa sai wanda ake tuhuma da laifi. Ke nan yaro ɗan makarantar sakandare ana yi masa abin da ake yi wa ɓarawo, ba don wani abu da ya aikata ba sai don asalin iyayensa.

A 1980 wani Bakoriye mai suna Han Jong-sok ya ƙi dangwala yatsarsa a ofishin gundumar Shinjuku da ke Tokiyo. An gurfanar da shi, kotu ta ci shi tara, amma abin ya zama tartsatsin da ya kunna wuta. A 1985 fiye da mutum 10,000 suka ƙi dangwalawa ko suka jinkirta ta da gangan. A shekarar ce kuma magajin garin Kawasaki ya bayyana cewa ofishinsa ba zai miƙa sunayen masu ƙin ga 'yan sanda ba. Gwamnati ta mayar da martani da hana wasunsu takardar izinin dawowa, ta yadda duk wanda ya fita ƙasar yana iya rasa matsayinsa na zama.

A watan Disambar 1995 Kotun Ƙolin Japan ta yanke hukunci mai fuska biyu. Ta amince cewa 'yancin kada a tilasta wa mutum ba da zanen yatsarsa ba gaira ba dalili yana ƙarƙashin sashe na 13 na tsarin mulki, kuma ya shafi baƙi kamar yadda ya shafi 'yan ƙasa. Duk da haka ta ce tsarin rajistar yana da dalili karɓaɓɓe, don haka bai saɓa wa tsarin mulki ba. Majalisa ce ta warware matsalar: an cire wa masu izinin zama na dindindin dangwala yatsa daga 1993, aka cire wa sauran baƙi a 2000. A 2007 aka dawo da ɗaukar zanen yatsa da hoto a mashigar ƙasa da sunan yaƙi da ta'addanci, amma aka keɓe zuriyar mutanen tsoffin yankunan mulkin mallakarta. A 2012 aka soke Dokar Rajistar Baƙi, aka shigar da baƙi mazauna cikin kundin mazauna da ake rubuta 'yan ƙasa. Darasin da ke nan shi ne, abu yana iya halatta a gaban alƙali amma ya ci mutuncin mutane har jama'a da kansu su ga dacewar a daina shi.

3.4 Misalin Amurka: Rajista Bisa Asalin Ƙasa

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta ƙaddamar da wani shiri a 2002 da aka taƙaita sunansa da NSEERS. An umurci maza masu shekara 16 zuwa sama, waɗanda suke da bizar zama na wucin gadi daga ƙasashe 25, su kai kansu ofishin shige da fice a ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu, a kuma yi musu tambayoyi. Kusan dukkan ƙasashen, har da Sudan da Somaliya da Masar, masu rinjayen Musulmi ne. Koriya ta Arewa ce cikon ta 25. Fiye da mutum 80,000 suka amsa kira, sai aka buɗe wa fiye da 13,000 shari'ar kora daga ƙasa, galibi saboda saɓa ƙa'idar biza. Shirin bai kai ga samun ko mutum ɗaya da laifin ta'addanci ba. An dakatar da shi a 2011, aka rushe dokokinsa a Disambar 2016.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a nan. Na farko, an ware mutane ne bisa ƙasar haihuwa da jinsi, ba bisa wani zargi da ke kan kowannensu ba. Na biyu, bayanan da aka karɓa da sunan tsaro an yi amfani da su wajen kora. Wanda ya bi doka ya kai kansa shi ya faɗa tarko, kuma wannan yana koya wa sauran cewa ɓuya ta fi bayyana riba. Hukumar da ta yi haka ta ɓata wa kanta rajistar gaba.

3.5 Afirka ta Yamma

Hausawan zango sun san wannan batu a jikinsu. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia a Gana ta bai wa baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban Yarabawa da Hausawa da wasu ƙabilu suka fice, wasu suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, har da waɗanda a can aka haife su. A Janairun 1983 Nijeriya, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta yi irin wannan kora, kuma mutanen Gana ne suka fi yawa a ciki, duk da cewa ƙungiyar ECOWAS ta amince tun 1979 da shigar 'yan ƙasashenta ba biza har tsawon kwana 90. A nan rashin takarda ne ya cuci mutane, abin da yake nuna cewa barin baƙo ba rajista shi ma ba kariya ba ne.

A Yulin 2019 Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta fara rajistar baƙi ta kwamfuta ga masu shekara 18 zuwa sama da za su wuce kwana 90 a ƙasar. Akwai wani abin lura na harshe a nan. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999, mai magana kan haƙƙin rayuwa, ya ambaci kowane mutum, amma sashe na 37, mai magana kan sirri, ya ambaci 'yan ƙasa ne. Wannan bambancin kalma ɗaya ya bar ƙofar jayayya a buɗe game da matsayin baƙo. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta rage giɓin, domin ta shimfiɗa ƙa'idojin sarrafa bayanan mutane ba tare da ta taƙaita su ga 'yan ƙasa ba.

3.6 Sharuɗɗan Rajista Mai Adalci

Daga misalan da suka gabata, ana iya fitar da sharuɗɗa biyar:
(a) Rajistar ta kasance bisa rubutacciyar doka wadda jama'a suka sani.
(b) Kada a ware mutane saboda addini ko ƙabila ko asali.
(c) A karɓi iyakar abin da ake buƙata kawai.
(d) Kada a karkatar da bayanan zuwa wata manufa da ba a faɗa tun farko ba.
(e) Mutum ya sami damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya gyara kuskure, ya kai ƙara idan an cuce shi.

3.7 Amanar da Take Hannun Malami

Malami ma mai riƙe da rajista ne. A kundinsa akwai sunan yaro da na mahaifinsa da garin asalinsa, kuma a makarantun garuruwan kan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari, ba abin mamaki ba ne a sami 'ya'yan baƙi a aji. A 2011 jihar Alabama ta Amurka ta umurci makarantu su riƙa tantance matsayin zaman yaran da suke ɗauka. Nan da nan yara da yawa 'yan asalin Latin Amurka suka daina zuwa aji, har kotu ta dakatar da wannan sashe na dokar. Saboda haka bai kamata malami ya ba da bayanan ɗalibi ga wanda ya nema ba sai ta hannun shugaban makaranta kuma bisa doka, haka nan bai dace ya kira asalin yaro a gaban aji don muzanta shi ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa Koriyawan Japan suka ɗauki dangwala yatsa a matsayin cin mutunci?
2. Wane bambanci ne ke tsakanin lafazin sashe na 33 da na 37 na Tsarin Mulkin 1999?

4.0 Kammalawa

Rajistar baƙi tamkar wuƙa ce, amfaninta ko illarta yana ga hannun da ya riƙe ta. Gwamnatin da ta tattara bayanai takan wuce, amma kundin yana nan yana jiran wadda za ta gaje ta. Wannan ne ya sa kyakkyawar niyyar masu mulki ba ta isa kariya ba, sai an ɗaure ta da doka da kotu.

5.0 Taƙaitawa

An bayyana ma'anar baƙo da rajista da sirri, an kawo hujjar hukuma da iyakarta, an yi nazarin misalan Japan da Amurka da Gana da Nijeriya, sannan aka fitar da sharuɗɗa biyar tare da danganta su da aikin malami.

6.0 Jinga

1. Rubuta muƙala mai shafi biyu a kan taken: "Rashin takarda da yawan takarda, wanne ya fi cutar da baƙo?"
2. Kawo karin magana biyar da suka ƙunshi kalmar baƙo, ka bayyana abin da kowace take nunawa game da tunanin Bahaushe.
3. Tsara muhawara ga ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare a kan wannan batu, ka nuna matakan gabatar da ita.