Ziyarar Kufai da Tsofaffin Garuruwa Daga Tamale: Amfanin Ƙaramin Ayari

Ƙaramin ayari, a bakin masu sana'ar rakiyar baƙi, shi ne mutum takwas zuwa goma sha biyu da suke tafiya a mota ɗaya da jagora ɗaya don ganin wuraren tarihi. Daga Moshi Zongo, unguwar cikin garin Tamale da ta samo sunanta daga Mosawan da suka sauka a wurin, hanya uku irin wannan ayari ya fi bi: ta Salaga a kudu maso gabas, ta Larabanga a yamma, sai ta arewa zuwa tudun Gambaga da Nalerigu.

Ƙayyade yawan mutane a wurin tarihi tsari ne da aka daɗe ana bi a wasu ƙasashe. A Peru, inda kufan daular Inka suke a kan duwatsu, hanyar ƙafa ta kwana huɗu zuwa Macu Picu ba ta ɗaukar fiye da mutum 500 a rana, har da 'yan dako da masu jagora, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu don gyara. To, can ginin dutse ne. Abin da arewacin Ghana ta gada yawancinsa ginin ƙasa ne da rijiyoyi da kaburbura, waɗanda ƙafa da hannu ke cinyewa cikin 'yan shekaru.

Salaga ce ta fi cancantar a fara da ita, domin tarihin 'yan zango ne da kansu, wato mazauna unguwannin baƙi irin Moshi Zongo. Tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Tamale, cikin ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 ita ce babbar kasuwar goro: fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su koma da goron Asante. Madugu uban tafiya ne ke shugabantar ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. A kasuwar nan kuma aka sayar da bayi masu ɗimbin yawa, kuma sunayen wuraren har yau da Hausa ake kiransu. Akwai Wankan Bayi, inda ake yi musu wanka kafin a kai su kasuwa, akwai Rafin Ungulu, inda ake yar da gawarwakin waɗanda suka mutu. Rijiyoyin da aka haƙa a garin suna da yawa, wasu kuma ana shan ruwansu har yanzu.

Kasuwar ta fara raguwa bayan Ingila ta ci Kumasi ta Asante a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fataken zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da wasu garuruwa. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, wanda ya yi rubutu da Larabci da ajami, yana cikin waɗanda suka bar Salaga. Ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Gidaje da dama a zangunan Ghana daga wannan watsuwa tushensu yake. Irin wannan bayani a bakin rijiya ake yin sa, cikin murya ƙasa-ƙasa, a gaban dattijon unguwa da zai gyara wa jagora in ya yi kuskure. Mutum goma za su ji, su yi tambaya. In bas ta sauke mutum sittin, na baya ba sa jin komai, sai ɗaukar hoto, kuma sau da yawa ledar ruwa ake bari a bakin rijiyoyin. Wurin da aka wulaƙanta 'yan Adam bai dace da hayaniya ba.

Hanyar yamma ta yi sauƙi tun da aka gama kwaltar Fufulso zuwa Sawla a 2015. Bayan Damongo, mazaunin Yagbonwura sarkin Gwanja, sai Larabanga. Masallacinta ƙarami ne, kimanin mita takwas a tsawo da faɗi, an shafe shi da farar ƙasa, sanduna sun leƙo daga jikin bango, ga tsohuwar kuka a gefensa. Mutanen garin suna cewa an gina shi a 1421. Suna kuma riƙe da wani tsohon Alƙur'ani da ake fitowa da shi sau ɗaya a shekara. Wanda ba Musulmi ba ba ya shiga ciki, kuma aikin jagora ne ya faɗi haka tun a mota, don kada a yi jayayya a ƙofa.

Masallacin ya taɓa shiga hatsari saboda gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya. A shekarun 1970 an yaɓe shi da siminti don ya jure ruwa. Simintin ya tsare danshi a cikin bango, gara ta ci itatuwan, ginin ya soma zubewa. A 2002 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na duniya da ke fuskantar lalacewa, aka kankare simintin, aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Sandunan da ke jikin bango matakala ce ta magina lokacin yaɓe. Matasa kan so su rataya a kansu don hoto, kuma jagora ɗaya ba ya iya sa ido a kan mutum hamsin da suka kewaye gini mai kusurwa huɗu. Gandun dajin Mole yana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna, kuma can ma ba a shiga da ƙafa sai tare da ma'aikacin daji mai bindiga.

Hanyar arewa ta masu son tudu ce. Nalerigu, fadar Nayiri sarkin Mamprusi, tana da ragowar ganuwar Na Jaringa, wadda ruwan sama ya riga ya cinye yawancinta. Daga Nakpanduri ana hango kwarin da ke ƙasan tudun Gambaga. Tsayin wurin bai kai ya hana numfashi ba kamar Kusko ta Peru mai mita 3,400, amma bakin dutsen ba shi da shinge a wurare da yawa, don haka yara sai da babba a kusa.

Kowace hanya aka bi, ana fara da gaisuwa. A Dagbon, inda Tamale take, da Gwanja da Mamprugu, ƙasar Mamprusi, baƙo ba ya wucewa wurin tarihi kafin ya gaida mai gari ko wakilinsa, ya miƙa goro, wanda a yau yawanci 'yan sidi ne, kuɗin Ghana, a hannu. Ana cire takalmi, ana durƙusawa, ana neman izini kafin a ɗauki hoton mutum ko kabari. Zaure ba ya ɗaukar taro, shi ya sa manyan ayari kan tsallake wannan mataki, su bar wa jagoran da zai zo gobe ɓacin ran mutanen gari.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar ruwa. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, a damina kuma hanyoyin ƙasa suna lalacewa. A tashi bayan sallar asuba, a riƙi ruwa isasshe, a biya kuɗin shiga a hannun wanda gari ya naɗa, a karɓi rasit.

Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasan Moshi Zongo da ke shirya fita bayan salla, in ɗalibai sun kai arba'in, a raba su gida huɗu, kowane da malami da jagora, ko a raba ranakun. A kuma fara kai su Salaga, tare da wani dattijo na unguwa da ya san ta inda kakanninsa suka biyo.