Yadda Ake Sanya Ƙafar Roba Mai Ƙusa

Ana riƙe ƙafar roba a jiki ta hanyoyi da dama: maɗauri a saman ƙoƙon gwiwa, ɗamara a ƙugu, ko tsotson iska. Waɗannan matakai na wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa ne, aka ba shi safar silikon mai ƙusa a gindi. Ka tanadi kujera, madubi da safunan ciko.

1. Da safe, kafin dungun ya kumbura, ka zauna ka duba shi ko'ina. Ka leƙa bayansa da madubi, musamman idan kana da ciwon suga, domin rauni kan fito ba ka ji ba. In ka ga ƙurji ko bororo, dakata, ka nemi likita.

2. Fata ta bushe sarai. Kada ka shafa mai ko basilin, safar za ta riƙa sulɓewa.

3. Juya safar silikon ciki ya koma waje. Ɗora gindinta a kan ƙarshen dungun, ya manne ba iska a tsakani. Iskar da ta maƙale ita ke tsotsar fata har ta yi bororo.

4. Daidaita ƙusar ta miƙe sak da ƙashin ƙwauri. Sannan ka mirgina safar a hankali har ta wuce gwiwa. Kada ka ja ta da farce.

5. Idan dungun ya saɓe, ƙara safar ciko. Ƙusar ta fito ta hudar safar gaba ɗaya, don zare na iya cushe makullin da ke kama ƙusar a cikin ƙafar.

6. Zura dungun cikin kwanson ƙafar. Za ka ji ƙas, ƙas. Dafa kujera ka miƙe, ka sakar mata nauyi, sauran haƙoran ƙusar su shige.

7. Ɗaga ƙafar ka girgiza kaɗan. In tana yi maka sama da ƙasa, sake daga mataki na 5.

8. Wajen cirewa, zauna, danna maɓallin da ke gefe, ka zare. Jan fatar da bai washe ba bayan minti 20 alama ce kwanson na matsa wuri ɗaya. Koma wurin masu haɗa ƙafa, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kada ka kankare kwanson da kanka.

9. Kowane dare ka wanke cikin safar silikon da sabulu marar turare, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Lokacin zafi, cire ta da rana ka share gumi kafin ka mayar.