Zaɓen Ƙarfen Teburin Siminti

Jama'a, darasinmu na yau a kan teburin siminti ne. Mun san shi a kasuwa wurin mahauta da masu shayi. Mun san shi a madafa, inda mata ke ɗora tukwane da kwanuka. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma da sabulu a ke wanke shi tas. Mutum yana iya zuba nasa da hannunsa a gida, in ya san ƙa'ida.

Amma fa akwai abin tsoro. Falan kankare mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 2, kaurin inci 2, nauyinsa ya kai kilo 135. Watau ya kusa nauyin buhun siminti uku, gama kowane buhu kilo 50 ne. Yara kuwa sun cika son wasa a ƙarƙashin tebur. In irin wannan ya karye a kan yaro, ba a ce kome ba. Abin da ke hana shi karyewa shi ne ƙarfen da ke cikinsa. Saboda haka za mu koyi irin ƙarfen da za a zaɓa, da wurin da za a sa shi.

1. Halin kankare

Kankare shi ne siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, in an kwaɓa su tare sun daskare. Yana da hali biyu. In an danne shi, yana da ƙarfi ƙwarai. In an ja shi kuwa, rago ne. Ƙarfinsa wajen ja bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen danni ba.

To, ina ruwan tebur da ja? Mu gwada mu gani. Mu samo ɗanyen rogo dogo, mu gitta shi a kan duwatsu biyu, mu danna tsakiyarsa a hankali. Ta ina ya fara tsagewa? Ta ƙasa. Dalili, sa'ad da ya lanƙwasa, samansa ya matse, ƙasansa kuwa ya miƙe har ya yage. Haka falan tebur ya ke tsakanin ginshiƙai biyu. Samansa na shan danni, ƙasansa na shan ja. Ƙarfe ba ya tsoron ja. Shi ya sa a ke haɗa su, kowa ya yi aikin da ya iya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Maginanmu na gargajiya su kan cuɗa ƙasa da ciyawa don kada bango ya tsattsage. Su kan jera azara kafin su ɗora ƙasar rufin soro. Ƙasa ita kaɗai ba ta iya tsallake ɗaki, sai da azara.

A ƙasar Turai ma da sannu aka gano. Wani birkila a Ingila, Joseph Aspdin, shi ya sami takardar shaidar ƙirƙiro simintin da a ke kira Fotlan a 1824. Wani mai aikin lambu a Faransa, Joseph Monier, ya riƙa sa ragar waya cikin manyan tukwanen shuka na siminti don kada su fashe, ya sami tasa takarda a 1867. Shekara ɗari bayan nan, a 1967, masana'antar siminti ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki.

2. Inda ƙarfe zai zauna

Tun da ya ke mun san inda ja ya ke, mun san inda za mu sa ƙarfe. Tsakanin ginshiƙai biyu, ƙarfe ya zauna kusa da ƙasan fale. In ya zauna a tsakiyar kauri sosai, aikinsa kaɗan ne, gama a nan ba danni ba ja. In ya zauna kusa da sama, an yi asarar kuɗi.

Akwai wurin da abin ke juyawa. In bakin tebur ya zarce ginshiƙi yana reto, to, mai jingina a kansa samansa ya ke ja. A nan ƙarfe kusa da sama zai zauna. Abin da ya fi sauƙi, kada mu bar baki ya zarce ginshiƙi fiye da inci 6.

Haka kuma dogon fale mai ginshiƙi uku, samansa ke shan ja daidai kan ginshiƙin tsakiya. Gara a zuba shi gida biyu, su haɗu a kan wannan ginshiƙi. Sun fi sauƙin ɗauka kuma.

3. Irin ƙarfen da za mu zaɓa

Mutane da yawa suna tsammani rodi mai kauri shi ya fi. Ba haka ba ne. Mu yi lissafi. Inci 2 milimita 50 ne. Lalle ne a bar kankare milimita 20 ƙarƙashin ƙarfe. In muka gitta rodi biyu masu milimita 12, sun cinye 24. Ashirin da 24 sun zama 44. Saura milimita 6 kaɗai a sama. Wannan 'yar fata ba ta daɗewa sai ta tsage, ta bi layin rodin. Ƙa'ida ita ce, fale siriri, ƙarfe siriri kuma kusa da juna. Ga iri uku.

Na fari, wayar kaji. Siririya ce ainun, ba ta ɗaukar nauyi. Amfaninta ta riƙe kankare kada tsaga ta buɗe baki. Ta isa in za a zuba fale a kan dakali wanda cikinsa cike ya ke, babu rami a ƙarƙashi. Kada a dogara gare ta in fale zai tsallake fili.

Na biyu, ragar waya mai walda. Wayarta ta kai milimita 4 ko 5, an gitta ta gida gida, an ƙone kowace mahaɗa da walda. Mu nemi mai gidaje inci 4 zuwa 6. Ita ce ta dace da fale mai kaurin inci 2, in tsakanin ginshiƙai bai wuce ƙafa biyu da rabi ba. Teburin madafa da na mai shayi irin wannan ne. In a naɗe aka sayo ta, a miƙe ta sosai tukuna, don mai lanƙwasa ta kan leƙo waje.

Na uku, rodi. In tsakanin ginshiƙai ya kai ƙafa 3 ko 4, ko kuwa tebur zai sha nauyi kamar na mahauci, to, a yi fale mai kaurin inci 3, a sa rodi mai milimita 8 ko 10. A jera su inci 6 tsakani. Dogayen da suka tashi daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi su ne masu aiki, su za su kwanta ƙasa. Gajerun su hau kansu, a ɗaure kowace mahaɗa da wayar ɗauri. Rodi mai zane a jiki ya fi mai santsi, gama kankare ya fi kama shi. In mai santsi muka samu, mu lanƙwasa bakinsa kamar ƙugiya.

In fili ya wuce ƙafa 4, wannan ya fi ƙarfin aikin gida. A ƙara ginshiƙi, ko a kira magini wanda ya san aikin dakin.

Nawa za mu saya? A ce tebur mai tsawon ƙafa 4, faɗin ƙafa 2. Mu bar inci 1 a kowane gefe don kada ƙarfe ya taɓa waje. Dogaye biyar, kowane inci 46, sun zama inci 230. Gajeru tara, kowane inci 22, sun zama inci 198. Duka inci 428, watau bai cika ƙafa 36 ba. Cikakken rodi mita 12 ne, ƙafa 39 da ɗan kai. Ashe rodi ɗaya ya isa. Amma mu auna shi a gaban mai sayarwa, tsawo da kauri duka, don wani bai cika ba.

4. Abin da ba za mu sa ba

Kada mu sa gora, ko kara, ko azara cikin kankare. Itace ya kan sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, sai ya saki kankaren. Azara abokiyar ƙasa ce, ba ta siminti ba. Ƙarfe kuwa in rana ta yi zafi, shi da kankare kusan daidai su ke miƙewa, in an yi sanyi su tsuke tare. Don haka ba su rabuwa.

Kada mu sa alminiyam, irin wanda a ke zuba tukwane da shi. Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, yana cin alminiyam.

Kada mu sa tsohon ƙarfe wanda tsatsa ta cinye har yana ɓarewa. Kada mu sa mai fenti, ko wanda ya sha baƙin mai, gama kankare ba ya kama shi. 'Yar tsatsa ja wadda ba ta ɓarewa ba ta ɓata kome. A goge da buroshin waya, shi ke nan. Araha ba ta ado.

Wani zai ji labarin zare da a ke zubawa cikin kwaɓi. Gaskiya ne. Akwai na roba, yana rage ƙananan tsagar da kan fito ranar fari, amma ba ya maye gurbin ƙarfe. Akwai na gilashi, wanda a ke yin fale siriri da shi a Amurka da Ingila, kaurinsa bai kai inci 1 ba. Wannan gilashi na musamman ne, wanda kaifin siminti ba ya ci, kuma kwaɓinsa dabam ne. Gilashin banza siminti ya kan cinye shi.

5. Tsatsa, babbar abokiyar gaba

Kaifin nan na siminti shi ke tsare ƙarfe daga tsatsa, muddin ƙarfen na lulluɓe. In ruwa da iska suka kai gare shi, sai ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki ninki. Sai ta tura kankare daga ciki, ya fashe. Duk mun taɓa ganin tsohon gini da ƙarfe ja a waje. Mafarin ke nan.

Maganin abin, a lulluɓe ƙarfe da kankare milimita 20 ta ko'ina, watau kamar kaurin babban yatsa. Kwana biyu kafin zubi, a yi 'yan dunƙulen siminti da yashi masu wannan kauri, a ɗora ragar a kansu. Kada a tokare ta da guntun katako. Gishiri yana gaggauta tsatsa, saboda haka a kwaɓa da ruwan da mutum zai iya sha, da yashi wankakke marar laka.

6. Ranar zubi

A auna siminti kwano 1, yashi kwano 2, tsakuwa kwano 3. Tsakuwa ta zama ƙanana, kada ta wuce rabin inci, don ta ratsa tsakanin ƙarfe. Ruwa kaɗan kaɗan. Kwaɓi mai ruwa da yawa yana da daɗin zubi, amma ba ya ƙarfi. A zuba cikin akwatin katako, a caccaka da sanda, a bubbuga gefen akwatin don iska ta fita. Kada a taka raga ta nutse. Siminti na ƙona fata, a sa safar roba, a wanke hannu nan da nan.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Waɗansu su kan zuba fale a kife a kan leda, don fuskar tebur ta fito sumul, sa'an nan su juya shi. In haka za a yi, ƙarfe ya zauna kusa da sama ranar zubi, gama saman yau shi ne ƙasan gobe. A yi alama a kan kankare tun yana ɗanye, don kada a manta. Tun ran gini ran zane.

Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, balle a lokacin hunturu da bazara. Kada a cire katakon da ke tallafe da shi kafin kwana 14. Kada a ɗora masa kaya masu nauyi kafin kwana 28. In za a ɗauke shi, a ɗauka a tsaye ta gefensa kamar ƙyaure, mutum uku ko huɗu, yara su ba da wuri. Mahauci kuma ya ajiye gungumen itace don saran ƙashi, kada ya sara a kan siminti.

To, jama'a, da zarar kankare ya daskare, ba mai sake ganin ƙarfen da ke ciki, ba kuma mai iya gyara shi. Kafin mu zuba kwano na fari, mu duba abu uku: kaurin ƙarfe ya dace da kaurin fale, ƙarfe na gefen da ke shan ja, kuma ba inda ya taɓa katako.

Tambayoyi

1. Wane abu kankare ya ke jurewa, wane ne ba ya jurewa?
2. Ta ina rogon nan ya fara tsagewa? Don me?
3. Ina za a sa ƙarfe a bakin teburin da ya zarce ginshiƙi?
4. Don me rodi mai milimita 12 bai dace da fale mai inci 2 ba?
5. Faɗi abu uku da ba a sawa cikin kankare.
6. Fale mai inci 2 nauyinsa kilo 135 ne. In aka mai da kaurinsa inci 3, kilo nawa zai zama?
7. A rubuta waɗannan kalmomi a allo: kankare, rodi, raga, tsatsa, ginshiƙi.