Amsoshin Tambayoyinku: Sharaɗin Adireshin Imel

Wani mai sauraronmu daga Malbaza ya tambayi hikimar neman adireshin imel daga masu taimaka wa manhajar da kowa ke da iznin gyarawa.

To malam, tun 2004, bayan kamfanin SCO ya tayar da husuma kan mallakar Linux, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, jagoranta Linus Torvalds ya wajabta wa duk mai kawo gyara, komai ƙanƙantarsa, ya rattaba sunansa da adireshinsa, yana shaida cewa yana da haƙƙin bayarwa, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai da isnadi. Da yake adireshin yana dawwama cikin tarihin aikin, ka ba da naka na kanka, sai fa in ma'aikatarka ce ta sa ka aikin.