Darasin Juma'a: Mu Riƙe Likita Ɗaya Tun Kafin Ciwo Ya Kwantar Da Mu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na wannan makon a kan hawan jini ne da ciwon suga, da amfanin mutum ya riƙe likita ɗaya da ya san shi. Yawancinmu neman halal ne ya kawo mu Bauchi, wasu daga Kano da Katsina da Sakkwato, wasu daga Maradi da Damagaram. Shi ya sa neman maganinmu a warwatse yake: yau kemis a Wunti, gobe wani a Muda Lawal, in an je gida da Sallah a ga wani daban. Kowa ya ba da nasa maganin, amma babu wanda ke riƙe da tarihin jikinmu.

Ciwon da ba ya sallama

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9. A rahotonta na 2023 kuma ta ce kusan ɗaya cikin kowane baligi uku yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Mutum na iya yin shekaru jininsa a sama, ko sugansa a sama, yana cin kasuwarsa ba ya jin komai. Ranar da abin zai bayyana, sai a ji shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko raunin gani, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa.

Su wa ya kamata su fi kula?

Wanda ya kai shekara 40. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa ke da ɗayan ciwon nan biyu. Mai tumbi ko ƙiba. Mai shan taba. Wanda ke wuni zaune a rumfa ko a mota. Sai matar da suga ko jininta ya taɓa hawa tana da juna biyu, ko ta haifi jariri da ya wuce kilo 4. Mu duba sahunmu na yau, ai da yawanmu muna ciki.

Mene ne aikin likitan iyali?

Likitan iyali shi ne wanda ya ƙware wajen duba kowa a gida, yaro da babba, mace da namiji, kuma yake bin lafiyarsu shekara da shekaru. A nan Bauchi ana samun su a sashen ganin likita na yau da kullum a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. A asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni ma ana awon jini, kuma suna tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsu.

Aikinsa na farko awo ne da rubutawa. Idan awon jini ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Idan sugan safe kafin a ci komai ya kai 126, aka sake gwadawa ya tabbata, ciwon suga ne. Wanda nasa ya kusa 126 yana bakin gaɓa, kuma a nan ne rigakafi ya fi amfani. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu irin wannan hali da suka rage ƙiba kaɗan, suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Na biyu, yana kwatanta awon bana da na bara, ya duba ƙoda da kitsen jini da ƙafa. Na uku, ya san magungunan da muke sha. Wasu magungunan ciwon jiki da muke saye kullum a kemis suna ɗaga jini, suna cutar da ƙoda; ƙwayoyin ƙara ƙiba kuma suna ɗaga suga. Wanda ya gan ka sau ɗaya tak, ina zai san wannan?

Abin da ya rage gare mu

1. Mu yanki kati a asibiti ɗaya, mu da iyalinmu, mu riƙa komawa can. Kada maigida ya je awo ya bar uwargida.
2. Mu yi awon jini ko sau ɗaya a shekara, ko da muna jin garau.
3. Mu riƙe ƙaramin littafi na awo da sunan magani. In tafiya gida ta kama, ko fatauci Legas ko Onitsha, a sa shi cikin jaka tare da maganin da zai isa.
4. Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen miya ma gishiri ne. A rage lemon kwalba da sugan shayi. Masa da tsire ba a hana ba, a dai yi daidai.
5. A taka da ƙafa minti 30, kwana biyar a mako. Zuwa masallaci ko kasuwa a ƙafa ma ya shiga lissafi.
6. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Mai suga kuma ya ga likitansa tun a Sha'aban, a tsara masa yadda zai yi da azumi.

Malamanmu sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya kore tawakkali, kuma jiki amana ne. Kuɗin awo bai kai na kwanciya asibiti ba, balle a rufe rumfa wata uku yara na jiran abinci da kuɗin makaranta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.

Sakataren Masallaci