Murhu, Hayaƙi da Alhakin Mai Girki

Kanya Babba gari ne a ƙaramar hukumar Babura, a arewa maso yammacin jihar Jigawa, ba nisa da iyakar Nijar. Kamar a ƙauyukan Kazaure da Roni da Gwiwa, yawancin gidajen garin da itace ko kara ake girki, a kan murhu mai duwatsu uku. Haka aka gada kaka da kakanni. Sai dai itacen da yara kan samo a bayan gari a da, yanzu ya yi nisa, kuma a gidaje da yawa sai an sa kuɗi an saya.

A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo madafa, wato ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko kilo 6, wadda ake ɗaura wa kan risho a bisanta. A Turai da Amurka irin wannan ƙaramin risho na matafiya ne, masu fita daji su kwana a tanti don hutawa. A nan kuwa ya zama murhun ɗalibai a Kazaure, da gwauraye, da masu shayi da indomi a bakin tasha, har ya fara shiga kayan ɗakin amare. Su waɗancan matafiya na Turai sukan yi muhawara a tsakaninsu: wanne ya fi cutar da duniya, kunna gas ko hura itace? Tambayar ta iso ƙasar Hausa, domin rediyo ba ya gajiya da maganar sauyin yanayi da sare itatuwa. Wani lokaci ma sai a yi ta magana kamar matar ƙauye da murhunta ne suka jawo wa duniya zafi.

Kafin a ɗora laifi, ya kamata a san yadda abin yake. Duk abin da aka ƙona, itace ne ko gawayi ko kananzir ko fetur ko gas, yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, ana kiranta iskar kabon. Idan ta taru a sama sai ta zama kamar bargo, ta hana zafin rana komawa inda ya fito. Daga nan zafi ke ƙaruwa, damina ta rikice, wata shekara fari, wata shekara ruwa ya wuce kima. Mutanen Jigawa ba su manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta cinye gonaki ta rushe gidaje, ta kuma hallaka mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya.

To, wa ya fi zuba wannan iska a sama? Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa daga mai da kwal da gas ba. Ƙasar Sin ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 30. Idan aka raba wa kowane mutum kasonsa, ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba a shekara, alhali Ba'amurke yana kusa da tan 14. Ko a cikin Najeriya, gas ɗin da kamfanonin mai suke ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Delta ya sa ƙasar tana cikin goma na farko a duniya wajen wannan ɓarna. Ya kamata a kuma sani cewa al'adar nan ta kowa ya lissafa nasa hayaƙin, wani babban kamfanin mai na Ingila mai suna BP ne ya tallata ta a wajajen 2004, kuma masana da yawa suna ganin dabara ce ta karkatar da ido daga masu haƙar man zuwa ga masu saye. Saboda haka ba adalci ba ne a nuna wa mai tuƙa tuwo a Kanya Babba yatsa a kan zafin duniya.

Amma wannan bai sauke mata nauyi duka ba, ita da maigidanta. Akwai hayaƙin da ba ya zuwa ko'ina, a cikin gida yake tsayawa.

Duk wanda ya ɗaga kai a madafa ya ga baƙar kunkunniya da ta lulluɓe rufi. Abin da ya manne a rufin nan, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki da na jaririn da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. Yana jawo ciwon haƙarƙari ga yara, da tari mai naci, da ciwon ido, da ciwon zuciya ga manya. Uwar da ke yawan kai ɗanta asibiti saboda sarƙewar numfashi, da wuya wani ya ce mata ta duba murhunta, alhali sau da yawa nan matsalar take.

Ga kuma asarar itace. Murhu mai duwatsu uku a buɗe yake ta kowane gefe, iska na kwashe wutar. Cikin zafin da itacen ya bayar, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wato idan aka sayi itacen naira dubu, kusan na ɗari takwas da hamsin iska ce ta sha. Gawayi ya fi tsabta a ido, amma ɓarnarsa a daji ake yin ta: a ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye kafin a samu gawayi kilo 1, kuma manyan itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da marke ake nema. Shi ya sa a farkon 2024 gwamnatin Jigawa ta sanar da hana sare itatuwa ba da izini ba don yin gawayi ko itacen girki. Masu komawa ga kara da kashin shanu su ma suna biya ta wata hanya, domin abin da ya kamata ya ruɓe a gona ya zama taki, shi ne ya tafi a toka.

Gas fa? Kowane kilo 1 da aka ƙona yana fitar da iskar kabon kusan kilo 3, don haka ba a ce ba shi da laifi ba. Amma fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya, ba ya baƙanta ɗaki, ba a kuma sare masa itace. Ga lafiyar mai girki, babu haɗi. Matsalarsa tsada, da nisan wurin ɗura shi. Tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka aka jingine rishon kananzir, kuma bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na kaya suka tashi, gidaje da yawa da suka fara gas sun koma gawayi. Ba wanda zai zarge su.

Wanda yake da ƙaramar tukunyar gas ya kiyaye ta. A girke ta a ƙasa mai daidai, kada a ɗora mata babbar tukunyar da za ta rinjaye ta. A kyasta ashana kafin a murɗa. In an ji wari, a rufe, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna komai. Ana gane yoyo da ruwan sabulu: a shafa a bakin tukunyar, in ya yi kumfa to gas na fita. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta loɓa, a rabu da ita.

Mai amfani da itace kuwa yana da abin yi tun yau, ba sai ya kashe ko kwabo ba. Busasshen itace da aka faskara ƙanana ya fi ci da kyau, ya fi ƙarancin hayaƙi. Rufe tukunya da murfi yana rage lokacin dahuwa, haka jiƙa wake tun dare. Babbar dabara ita ce a kewaye murhu da laka da aka cuɗa da ƙaiƙayi, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tukunya ta zauna daram a ciki, a bar 'yar tazara a gefe don wuta ta lashi jikinta. Mata a Nijar sun daɗe da sanin wannan, har maƙeransu suna ƙera wani murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi tun shekarun 1980. A Kano kuma ana ƙera wani mai suna Save80, wanda masu yinsa suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. A riƙa girki a fili ko a madafa mai taga, yara su yi nesa da hayaƙi. Sannan ga gargaɗin da ya fi kowanne: lokacin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Garwashi yana fitar da guba marar launi marar wari, mutum na barci za ta ɗauke shi.

Itace yana da wata falala da gas ba shi da ita. Bishiya tana shan iskar kabon muddin tana girma, don haka idan wadda aka sare ta samu magajiya, an biya bashin. Misalin wannan yana nan kusa da Babura, a tsallaken iyaka. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwoyinsu na da rai. Sai aka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, ana datse sauran. Manoma suka kira shi sassaben zamani. Da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A yankin Magariya da Matamaye da Mirriya gonaki sun cika da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya ba gero taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Rassan da ake datsewa su ne itacen girkin gida. Ba gwamnati ce ta dasa su ba, masu gonakin ne suka raine su.

Jigawa tana cikin jihohi 11 na arewa da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A 2021 kuma, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060. Cika wannan alkawari, da sauƙaƙa farashin gas, da hana ƙona shi a banza, aikin hukuma ne, kuma talaka yana da haƙƙin ya tambayi wakilansa inda aka kwana.

Na gida kuwa a hannun mai karatu yake. Maigida ya taimaka a kwaɓa laka a gyara murhu a wannan makon, a huda wa madafa taga. In lokacin sharar gona ya zo, a duba kututturan sabara da kalgo da gawo, a bar wa kowanne reshe biyu ko uku ya tashi.